Zanen Ranar Shari'a a Majami'un Kirista: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa ganin hoton bango cike da mutane, wasu na fitowa daga kaburbura, mala'iku na busa ƙaho, can sama kuma mai shari'a na zaune ya ɗaga hannu, to ya ga batun da masu zanen Kirista suka shafe fiye da shekara 1,000 suna komawa kansa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan irin wannan zane, daga Kirista da ma waɗanda ba Kirista ba.

Daga ina masu zanen suka samo abin da suke zanawa?

Babu wata sura guda a Littafi Mai Tsarki da ta ƙunshi duk abin da ke cikin zanen. Tsinto shi aka yi daga wurare da dama aka harhaɗa. Ginshiƙinsa Matiyu 25:31-46, inda Ɗan Mutum zai zauna a kursiyinsa, a tara masa dukan al'ummai, ya ware su yadda makiyayi ke ware tumaki da awaki, tumaki a dama, awaki a hagu. Farin kursiyi da buɗe littattafai da teku mai fito da matattun da ke cikinsa sun zo ne daga Wahayin Yahaya 20. Busar ƙaho daga wasiƙun Bulus take, 1 Korantiyawa 15:52 da 1 Tasalonikawa 4:16. Manzanni 12 da ake jerawa a kujeru gefe da gefe suna cikin Matiyu 19:28. Kogin wuta mai fitowa daga gaban kursiyi na Daniyel 7:10 ne. Idan kuma ka ga dattijo ya rungume ƙananan mutane a cikin mayafinsa, Ibrahim ne, daga labarin mai arziki da Li'azaru a Luka 16.

Akwai wani abu da nake so a lura da shi, don yana da kyau ƙwarai. Ishaya 34:4 da Wahayi 6:14 sun ce za a naɗe sararin sama kamar takarda. Mai zane Giotto, a majami'ar Scrovegni da ke Padua a Italiya, ya ɗauki maganar yadda take: can ƙuryar sama ya zana mala'iku biyu sun kama gefen shuɗin sama suna naɗewa, rana da wata na ciki, bayan naɗin kuma ƙofofin sabuwar Urushalima sun fara leƙowa.

Tun farkon Kiristanci ake yin sa?

A'a. Kiristocin farko da suka yi zane a kaburburan ƙarƙashin ƙasa na birnin Rum, a ƙarni na 3 da na 4, labaran kuɓuta suka fi so: Nuhu a jirgi, Yunusa ya fito daga cikin kifi, Daniyel a ramin zakuna, samari uku a tanderun wuta. Mutane ne da ake tsananta musu, abin da suke buƙatar gani shi ne Allah mai ceto. A ƙarni na 6, a majami'ar Sant'Apollinare Nuovo da ke Ravenna, an nuna shari'ar a taƙaice: Yesu a zaune, mala'iku biyu, tumaki uku a dama, awaki uku a hagu, shi ke nan. Cikakken zanen mai ƙaho da kaburbura ya bayyana a bangon majami'ar Müstair ta ƙasar Suwizalan wajen shekara ta 800. Sai a ƙarni na 11 da na 12 ya zauna da gindinsa, gabas da yamma.

Idan na tsaya gaban irin wannan zane, ta ina zan fara?

Fara daga tsakiya, inda Almasihu yake. Ka tuna damarsa ita ce hagunka, saboda haka masu tsira suna hagun mai kallo, hukuntattu suna dama. Dubi hannuwansa: sau da yawa na dama a ɗage yake ko a buɗe, na hagu a sauke yana turewa. Za ka ga raunin ƙusa a tafukansa da raunin mashi a kuiɓinsa, mala'iku kuma riƙe da gicciye da kambin ƙaya. Abin da ake faɗa da wannan shi ne, wanda zai yi shari'ar shi ne wanda aka taɓa yi wa shari'a aka gicciye. A zanen Turai ta arewa yakan zauna a kan bakan gizo, takobi a gefe ɗaya na bakinsa, furen lili a ɗaya gefen, wato hukunci da jinƙai. Maryamu na damarsa, Yahaya Maibaftisma na hagunsa, suna roƙo domin mutane. Daga nan sai ka sauko ƙasa, wurin kaburbura da ma'auni da rabuwar hanya.

Ba Littafi Mai Tsarki ya hana yin siffofi ba?

Wannan tambaya Kiristoci da kansu sun yi ta, har jini ya zuba a kanta. Fitowa 20:4-5 ta hana yin siffar abin da ke sama ko ƙasa ko cikin ruwa a rusuna masa. Masu goyon bayan zane sukan amsa cewa a littafin Fitowa ɗin dai, sura 25, Allah ya umarci Musa ya ƙera kerubobi biyu na zinariya a kan akwatin alkawari, kuma a Littafin Ƙidaya 21 ya sa shi ya yi macijin tagulla. Masu adawa su ce, ai shi wannan macijin ne sarki Hezekiya ya farfasa daga baya da mutane suka fara ƙona masa turare, kamar yadda 2 Sarakuna 18:4 ta faɗa. Kowane ɓangare na da ayarsa.

Wajen shekara ta 600, Fafaroma Gregori ya rubuta wa bishop ɗin Marseille da ya farfasa hotuna a majami'unsa. Ya yaba masa da ya hana a yi musu sujada, ya kuma tsawata masa da ya fasa su, domin a ganinsa abin da rubutu yake ga mai karatu shi ne hoto yake ga wanda bai yi karatu ba. A daular Rumawan gabas sarakuna sun hana hotuna a ƙarni na 8. Wanda ya fi kowa kare su shi ne Yahaya na Dimashƙu, wanda yake zaune a ƙarƙashin mulkin Banu Umayya, inda hannun sarkin Rumawan gabas bai kai ba. Hujjarsa ita ce, a bangaskiyar Kirista Kalman Allah ya zama mutum, an gan shi da ido, don haka ana iya zana abin da aka gani. Majalisar Nikiya ta biyu a 787 ta yarda da girmama hotuna, ta ce sujada ta Allah ce shi kaɗai. An sake hana su a 815, aka maido su dindindin a 843.

A zamanin gyaran ikkilisiya na ƙarni na 16 rigimar ta dawo tsakanin jagororin gyaran. Luther bai damu da a bar hotuna ba, amma Zwingli ya sa an kwashe su daga majami'un Zurich a 1524, Calvin ma ya ƙi su. Gadon wannan saɓani ne ake gani a arewacin Najeriya yau: ka shiga majami'ar ECWA ko COCIN ko EYN, galibi bango fari ne, sai gicciye da ayar da aka rubuta, ka shiga ta Katolika ka tarar da siffar Maryamu da hotuna 14 na hanyar gicciye.

Me ya sa ake yawan sa shi a bakin ƙofa?

A nan ne, a ganina, ma'anar abin take. Wurin da aka ajiye zanen yana gaya maka wanda ake nufi da shi.

A Faransa a ƙarni na 12 sassaƙa shi ake yi a dutse a saman babbar ƙofa, duk mai shiga sai ya bi ta ƙarƙashinsa. A Autun, wajen 1130, an sassaƙa jerin matattu suna tashi a kan dogarin ƙofar, daf da kan mai wucewa. Biyu daga cikinsu na rataye da jakar matafiya masu ziyarar ibada, ɗaya da alamar gicciye, ɗaya da ɓawon kifin teku, irin jakar da masu shiga ƙofar ke rataye da ita. Mutum ya ɗaga kai ya ga kansa. Can gefe wasu manyan hannuwa biyu sun sauko daga sama sun damƙe kan wani. A Italiya da ƙasashen Otodoks kuwa a bangon yamma na ciki ake zana shi, don in an tashi daga sujada an juya za a fita, shi ne abu na ƙarshe da ido zai gani kafin a koma kasuwa.

Bai tsaya a majami'a ba. Biranen Flanders, a Beljiyam ta yau, da na Jamus sun riƙa rataye shi a zauren shari'a. Jan Provoost ya zana ɗaya a 1525 domin zauren majalisar birnin Bruges, inda masu yanke hukunci ke zama, don alƙali ya san akwai wanda zai bi kadin hukuncinsa. A Beaune ta Faransa, Nicolas Rolin, babban wazirin Burgundy, ya gina asibitin talakawa a 1443, ya sa Rogier van der Weyden ya yi zane mai fai-fai tara, aka kafa shi a kan bagade a ƙarshen ɗakin jinya, inda marar lafiya zai hango shi daga gadonsa.

Na Michelangelo a ɗakin sujada na Sistine da ke fadar Vatikan shi ma haka ne. A wannan ɗaki ake zaɓen Fafaroma, har zaɓen watan Mayu na 2025. Kowane kadinal, wato babban limami mai zaɓen Fafaroma, yakan tako zuwa bagade riƙe da takardar ƙuri'arsa, ya tsaya a gindin wannan bango, ya faɗa da murya cewa yana kiran Almasihu wanda zai yi masa shari'a ya zama shaidarsa, kafin ya jefa ƙuri'ar.

Shi ma'aunin da mala'ika ke riƙe da shi fa?

Mala'ikan Mika'ilu ne. Sabon Alkawari bai ce shi zai auna rayuka ba, al'adar ikkilisiya ce ta ba shi aikin, tana jingina da ayoyi kamar Daniyel 5:27, inda aka gaya wa sarki Belshazzar an auna shi an tarar bai cika ba, da Ayuba 31:6. Musulmi mai karatu zai tuna da mizani, tsoffin Misirawa ma sun zana auna zuciyar mamaci tun kafin haihuwar Almasihu da daɗewa.

Masu zanen ba su daidaita a kan wane gefe ke sauka ba. A Beaune zunubi ne ke da nauyi, shi ke jan mutum ƙasa. A zanen Hans Memling, wanda ya yi tsakanin 1467 da 1471, mai tsira ne ke rinjaye. A Autun kuwa wani shaiɗan ya rataya a jikin sandar ma'aunin yana ja don ya yi algus, amma duk da haka gefen Mika'ilu ne ya rinjaya.

Su wa ake sakawa a wuta a waɗannan zane-zane?

Masu zanen ba su ji nauyin manya ba. A saman ƙofar majami'ar Conques ta Faransa, inda aka sassaƙa mutane 124, akwai sarki da ake fizge wa kambi, da barde da ya faɗo daga dokinsa, da marowaci a rataye da jakar kuɗinsa a wuya, da mai buga kuɗin jabu, da malaman coci da aka kama a raga. Majami'ar ce ta biya kuɗin aikin, kuma nata mutanen na ciki. A zanen Wenhaston na Ingila, sarki da sarauniya da bishop da kadinal suna tsaye gaban Bitrus tsirara, ba abin da ya rage musu sai hulunan sarautarsu.

Majami'ar Padua da na ambata attajiri Enrico Scrovegni ne ya gina ta, aka keɓe ta a 1305. Dukiyar gidansu daga ba da bashi da ruwa ta fito, mahaifinsa ya yi ƙaurin suna a kan haka. Giotto ya zana Enrico a durƙushe a gefen masu tsira yana miƙa ginin, amma a ɗaya gefen, taku kaɗan daga gare shi, ga masu son kuɗi a rataye da igiyar jakunkunansu. Duk ranar da ya fita ta ƙofar sai ya ga duka biyun.

Akwai kuma inda aka karkatar da abin, kuma bai kamata a rufe shi ba. A wurare da dama a Turai an jera Yahudawa a gefen hagu a matsayin jama'a guda, ana gane su da hulunansu. A bangon waje na gidan 'yan zuhudu na Voroneț a Romaniya, wanda aka zana a 1547 lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin matsin daular Usmaniyya, an jera Yahudawa da Turkawa da Tatar a wannan gefe. Matiyu 25 bai raba mutane bisa ƙabila ko tufafi ba. Duk lokacin da mai zane ya mai da bangon wurin nuna maƙiyansa da yatsa, ya kawar da shi daga kan mai kallo, ya kuma zuba wa ƙiyayya mai. Tarihin Yahudawan Turai ya nuna inda irin wannan ke kaiwa.

Duk waɗannan shaiɗanu da nau'o'in azaba suna cikin Littafi Mai Tsarki?

Kaɗan ne ke ciki. Littafin ya yi maganar wuta, da duhu, da tsutsa marar mutuwa, da kuka da cizon haƙora. Ƙahoni da jela da kofato da tukwane masu tafasa, da azabar da ta dace da kowane zunubi, daga wa'azin zamanin da labaran ru'ya da ba sa cikin Littafi da tunanin masu zanen suka fito. Ƙaton bakin dabba mai haɗiye mutane, wanda Ingilawa suka fi so, yana da ɗan tushe a Ishaya 5:14, inda aka ce lahira ta wage bakinta. Hieronymus Bosch, wanda ya rasu a 1516, shi ya kai abin ƙarshe, da halittu rabi tsuntsu rabi kayan girki.

Ni dai na Beaune ya fi girgiza ni, alhali babu shaiɗan ko ɗaya a cikinsa. Babu mai jan kowa. Mutane ne ke rugawa wuta da ƙafafunsu, wani ya cusa yatsu a baki yana cizo, wata an kama gashinta, wanda ya kama ta kuwa ɗan'uwanta hukuntacce ne.

Me ya sa na Michelangelo ya fi kowanne suna, kuma me ya jawo rigima a kansa?

Fafaroma Clement na 7 ne ya ba shi aikin, 'yan shekaru bayan sojojin sarki Charles na 5 sun wawashe Rum a 1527. Clement ya rasu a 1534, Paul na 3 ya ci gaba da maganar. Michelangelo ya fara a 1536 yana da shekara 61, aka buɗe aikin ranar 31 ga Oktoba 1541. Bangon ya kusa mita 14 a tsaye da mita 12 a kwance, mutanen ciki sun haura 300.

Ya rushe tsarin da aka saba. Babu layi-layi, babu kujerun manzanni. Almasihu saurayi ne ƙaƙƙarfa marar gemu, yana yunƙurin tashi, hannunsa na dama a sama, jama'a duka na juyawa kewaye da shi, wasu na hawa ta hagun mai kallo, wasu na gangarowa ta dama. Maryamu ta takure a gefensa ta kau da kai. Mala'ikun ba su da fukafukai. Cikin masu busa ƙaho, ɗaya na riƙe da ƙaramin littafi yana nuna wa masu tsira, wasu na riƙe da ƙaton littafi suna nuna wa hukuntattu. Shahidai na ɗauke da abin da aka kashe su da shi. Bartalamawas, wanda al'ada ta ce feɗe shi aka yi da rai, yana riƙe da wuƙa a hannu ɗaya da fatarsa a ɗaya, kuma masana da yawa na ganin fuskar da ke jikin fatar ta Michelangelo ce.

Ka nemi mutum ɗaya a ƙasan Bartalamawas ta dama. Shaiɗanu sun naɗe masa ƙafafu suna ja, shi kuwa bai yi kokawa ba. Ya dunƙule, ya rufe rabin fuskarsa da tafi, ido ɗaya a buɗe yana kallon waje. Fuskar mutumin da yanzu ya gane ce, kuma ya san lokaci ya wuce.

Rigimar ta taso ne daga tsiraici. Vasari, marubucin tarihin masu zane, ya ruwaito cewa Biagio da Cesena, mai kula da tsarin bukukuwan fadar Fafaroma, ya ce aikin ya fi dacewa da gidan wanka ko mashaya. Michelangelo ya ba Minos, alƙalin lahira da ke ƙuryar ƙasa ta dama, fuskar Biagio, da kunnuwan jaki da maciji naɗe a jikinsa. Shi Minos ɗin da Charon mai kwale-kwalen tsallaka matattu, wanda shi ma yana cikin zanen, sun jawo wani ƙorafin, don daga tatsuniyoyin Girkawa suka fito, ta hanyar waƙar Dante, mawaƙin Italiya. Majalisar Trent, taron manyan malaman Katolika, ta fitar da dokarta a kan hotuna a Disamba 1563, Michelangelo ya rasu a Fabrairu 1564, a 1565 kuma aka sa almajirinsa Daniele da Volterra ya zana mayafai a kan tsiraicin. Da aka wanke bangon tsakanin 1990 da 1994, an cire wasu mayafan da aka ƙara daga baya, aka bar na ƙarni na 16.

Yaya ake yin zane a bango ya kai shekara 500?

A kan ɗanyen yaɓe ake yi. Ana shafa farar ƙasa da aka kwaɓa da yashi, a zana da launi da ruwa kafin ta bushe. Tana bushewa sai launin ya kama cikin yaɓen ya zama jikin bango. Sharaɗin shi ne, kamar magini, ba ka kwaɓa abin da ya fi ƙarfin yininka. In an yi kuskure sai a fasa a sake. Har yau ana iya ganin gaɓar da aikin wata rana ya haɗu da na washegari, kuma da haka aka ƙirga cewa bangon Sistine ya ci irin waɗannan ranaku fiye da 400. Michelangelo ya sa an ɗan karkato da bangon gaba daga sama don kada ƙura ta zauna. Shuɗin da ya mamaye bayan mutanen daga dutsen lazuli aka niƙa shi, wanda ake haƙowa a Badakhshan ta Afganistan, launin da ya fi kowanne tsada a lokacin.

To, tsoratar da mutane kawai ake yi ke nan?

Tsoro na ciki, rubutun da aka sassaƙa a ƙofar Autun ma ya faɗi haka ƙarara. Amma a koma ga Matiyu 25 a ga abin da aka tambaya a shari'ar: an ciyar da mayunwaci, an shayar da mai ƙishi, an sauki baƙo, an tufatar da huntu, an duba marar lafiya, an ziyarci ɗaurarre? Mai shari'ar ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa shi aka yi wa. Daga nan aka samu wani reshe na zanen, ayyukan jinƙai, waɗanda suka zama bakwai da aka ƙara binne matattu.

Wanda na fi so shi ne wanda aka yi a 1504 domin majami'ar garin Alkmaar a Holan, yana gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam yanzu. Fai-fai bakwai ne, titunan gari ne na yau da kullum. A na farko mai gida da matarsa na raba burodi a ƙofar gida, guragu da makafi sun yi cincirindo. Sai ka duba da kyau kafin ka ga Yesu a bayan mabaratan, ba haske a kansa, ba mai kula da shi, yana kallon mai kallo. A fai-fan binne gawa ne kaɗai ya bayyana a sama a kan bakan gizo a matsayin mai shari'a. Wannan ya fi kusa da abin da surar ke faɗa fiye da tukwanen wuta dubu.

Ban da Ranar Shari'a, waɗanne labaran hukunci ake zanawa?

Korar Adamu da Hauwa'u daga gonar Aidan, ruwan Tsufana, halakar Saduma da Gwamrata, annoban Masar. Pieter Bruegel ya zana hasumiyar Babila a 1563, gini mai tsagewa tun ana kan gina shi. Rembrandt ya zana liyafar Belshazzar wajen 1635, sarki ya zabura, giya na zubewa daga ƙoƙunan Haikali, hannu na rubutu a bango. Littafin Wahayi kuwa shi kaɗai duniya ne. An saƙa shi a Faransa daga wajen 1377 domin Louis na 1 na Anjou, a saƙa mai tsawon kusan mita 140, wadda kimanin mita 100 nata suka rage a fadar Angers. A 1498 Albrecht Dürer ya sassaƙa hotuna 15 na Wahayi a katako ya buga su a takarda, ciki har da mahaya dawakai huɗu, suka bazu Turai.

Wannan al'adar Turawa ce kaɗai? Afirka fa?

Afirka ta daɗe a ciki. A Faras, a ƙasar Nubiya ta arewacin Sudan, masu tonon tarihi daga Folan ƙarƙashin Kazimierz Michałowski sun tono babbar majami'a daga cikin yashi tsakanin 1961 da 1964, kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye wurin. An ɓamɓaro zane-zanen aka raba tsakanin Khartoum da Warsaw. A cikinsu akwai Mika'ilu ya buɗe fukafukai yana kare samari uku a tanderu, akwai kuma bishop-bishop baƙaƙen fata. A Gondar ta Habasha, rufin majami'ar Debre Berhan Selassie cike yake da fuskokin mala'iku masu manyan idanu, a bango kuma akwai Shaiɗan cikin wuta. Masu zanen Habasha na da ƙa'ida: mutumin kirki ana nuna idanunsa biyu, mugu kuwa ta gefe, ido ɗaya.

Kowace al'umma da kamanninta take zana labarin. A Voroneț mala'iku na busa dogon ƙahon makiyayan yankin, Dauda na kaɗa molon garin. A 1973 aka fara wani aiki tare da Kiristocin Mafa na arewacin Kamaru: mutanen ƙauye su kwaikwayi labarin bishara, a ɗauki hoto, sannan a zana, Yesu da almajiransa baƙaƙe cikin duwatsu da bukkokin Mandara. A Oye-Ekiti, daga 1947, limaman Katolika irin su Fada Kevin Carroll sun yi aiki da masassaƙan Yarabawa, ciki har da Lamidi Fakeye wanda Musulmi ne, suka sassaƙa labaran Littafi a ƙofofin majami'u.

A ina ake ganinsu yanzu?

Da yawa sun salwanta. A Ingila kusan kowace majami'ar ƙauye na da nata kafin a shafe su da farar ƙasa a ƙarni na 16, a Holan da Beljiyam kuma an farfasa hotuna a boren 1566. Wasu sa'a ce ta cece su. Limaman Autun sun rufe nasu da filasta a 1766 don sun ga ya tsufa, filastar ta kare shi daga masu juyin juya halin Faransa, aka sake gano shi a 1837. Na Wenhaston a kan katakai yake. A 1892 aka ciro su aka ajiye a waje, ruwan sama ya sauka da dare ya wanke farar ƙasar, da safe fuskoki suka bayyana. Na Memling kuwa wani wakilin bankin Medici ne ya yi odarsa domin Florence, amma a 1473 wani matuƙin jirgin yaƙi daga Danzig, wato Gdańsk ta yau, Paul Beneke, ya kame jirgin da ke ɗauke da shi, shi ya sa yau yake gidan tarihi na Gdańsk a Folan.

Na Sistine da na Padua da na Conques da na Voroneț suna bangon da aka yi su. A Padua sai an yanki tikiti tun da wuri, ana shigar da mutane rukuni-rukuni na ɗan gajeren lokaci, bayan sun zauna a wani ɗaki mai daidaita iska saboda danshin numfashi na cutar da yaɓen. A Sistine an hana ɗaukar hoto. Wanda bai samu zuwa ba, shafin intanet na gidajen tarihin Vatikan na da zagayen ɗakin ta kowace kusurwa, Rijksmuseum kuma ya sa hotunan kayansa kyauta, ana iya zuƙo su a waya har a ga tabon wuƙar da aka yanka fuskokin zanen Alkmaar da ita.